Hayar Kwana a Cikin Badala: Daga Gidan Fatoma Zuwa Airbnb

Darasinmu na wannan fitowar ya shafi wata tambaya da take kama da ƙarama, amma tana iya sauya fasalin unguwa gaba ɗaya: idan mai gida ya daina ba da hayar shekara, ya koma ba da gidansa kwana ɗaya ko kwana uku ga duk wanda ya biya, me zai sami maƙwabtansa? Kuma wa ke da hakkin ya ce masa ga iyaka? Na ɗauki cikin birnin Kano a matsayin wurin nazari saboda nan na fi sani, kuma saboda a nan gidaje manne suke da juna, abin da ya sami gida ɗaya lungu duka ya samu.

Mene ne hayar kwana?

Abin da nake kira hayar kwana shi ne a ba mutum ɗaki ko gida sukutum, da gado da katifa da kayan amfani, na ƴan kwanaki, galibi ƙasa da wata guda. 'Yan Legas da Abuja suna ce masa shotlet, sunan kuma ya iso mu. Bambancinsa da otal shi ne otal an gina shi don baƙi, yana da lasisi da ma'aikata da littafin rajista. Gidan hayar kwana kuwa an gina shi ne don iyali, a tsakiyar iyalai, sai daga baya aka juya shi.

Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a San Francisco ta Amurka a 2008, shi ya yaɗa wannan sana'a a duniya ta intanet. A Kano dai ba sai da Airbnb ba. Talla a Instagram, ko a Facebook, ko dillali ya ɗora hoton falo a WhatsApp, shi ke nan an gama ciniki. Yawancin irin waɗannan gidaje a wajen badala suke, wajajen Nassarawa da Bompai da makamantansu. A cikin birni abin yana zuwa ne da wata siga: ɗakunan da ake ba 'yan kasuwa baƙi kusa da Wambai da Kurmi, masu jinya da suka kawo mara lafiya Asibitin Murtala, 'yan biki da gidan amarya bai ɗauke su ba, da masu zuwa kallon hawan Sallah ko Maukibin Ƙadiriyya. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Duk wanda ya san harkar yawon buɗe ido ya san irin wannan shaida tana jawo baƙi, baƙo kuma sai ya kwana. To gara mu yi maganar tun yanzu.

Kano ta daɗe tana saukar baƙi

Kada wani ya ɗauka saukar baƙo don kuɗi sabon abu ne da Bature ya kawo. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan 30,000, ya kuma ce a lokacin hada-hadar fatauci, daga Janairu zuwa Afrilu, adadin yana iya kaiwa 60,000. Ka ga kenan a waɗannan watanni kusan rabin mutanen da ke kwana cikin ganuwa baƙi ne. Ina suke kwana?

Sunayen unguwanninmu sun ba da amsa. Dandalin Turawa wurin Larabawan Arewacin Afirka ne, don a da su ake ce wa Turawa. Masana tarihi suna danganta sunan Alfindiki da kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Zangon Barebari. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ita ce ta tara su.

Mutumin da ke tsakiyar wannan tsari shi ne fatoma, wanda a wasu garuruwan ake ce wa mai gida kawai. Falke ya iso da kayansa, fatoma ya ba shi ɗaki, gidan fatoma ya ciyar da shi, a ajiye masa kaya, a haɗa shi da dillali. Idan bashi za a ba da, fatoma ne yake tsayawa. Ribarsa tana fitowa daga la'adar ciniki. Abner Cohen ya rubuta yadda wannan tsari yake aiki tsakanin Hausawan Sabo a Ibadan, a cinikin shanu da goro, cikin littafinsa na 1969. Polly Hill ma ta yi nazarinsa a Kumasi.

Abin lura a nan abu uku ne. Fatoma a unguwar yake zaune, sau da yawa ma a gidan. Ya san baƙonsa da garin da ya fito. Idan baƙo ya yi ɓarna, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, mai unguwa ya san wanda zai kira. Hayar kwana ta yau ta ɗauki kuɗin fatoma ta bar nauyinsa. Mai gidan yana iya kasancewa a Abuja ko Dubai, kuɗi ya shigo ta taransifa, yaro ya miƙa makulli. Idan an yi rigima da ƙarfe biyun dare, maƙwabci ne a farke, wanda ko kwabo bai gani ba.

Lissafin da ke jan mai gida

Bari mu yi lissafi irin na aji. Alƙaluman nan misali ne na ƙirƙira don a gane hanyar, kowa ya sa na unguwarsu.

Mu ɗauka gida mai ɗaki biyu da falo ana ba da shi naira 600,000 a shekara. Mu ɗauka kuma idan aka gyara shi, aka sa sola da kayan ɗaki, za a ba da shi naira 15,000 a kwana. Raba 600,000 da 15,000, ka sami 40. Wato kwana 40 kacal sun biya kuɗin shekara. Amma akwai ɗawainiya: wuta, ruwan 'yan garuwa, wanki, mai shara, la'adar dillali, gyaran abin da baƙi suka lalata. Mu ce ɗawainiya ta cinye rabi. Saura 7,500 a kwana, sai an sami baƙi kwana 80 kafin a kamo kuɗin shekara. Kwana 80 cikin 365 bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Duk abin da ya haura haka riba ce.

Ka gani? Mai gidan da ya yi wannan lissafi ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne. Kuma a cikin birni akwai wani abin da ke ƙara tura shi, wato gado. Gida ɗaya, magada goma sha biyar, ba mai iya sayen rabon sauran. Mafita mafi sauƙi ita ce a sayar ko a mai da shi abin da zai riƙa kawo kuɗin da za a raba. Haka muka ga gidajen zama kusa da kasuwanni suna komawa shaguna da sito. Hayar kwana hanya ɗaya ce da wannan: gida yana nan tsaye, amma ya fita daga hannun masu neman wurin zama.

Abin da ke samun unguwa

Na farko kuɗin haya. Duk gidan da ya koma na baƙi, an rage ɗaya daga gidajen da ango mai neman inda zai ajiye amarya zai iya samu. Wasu masana uku, Barron da Kung da Proserpio, sun yi nazarin biranen Amurka, suka gano cewa idan tallan Airbnb ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, kuɗin haya yana ƙaruwa da kusan kashi 0.018 cikin ɗari. Ƙaramin adadi ne, amma yana taruwa shekara bayan shekara, kuma ya fi cizo a inda gidaje suka riga suka yi kaɗan. Ƙananan hukumomi uku da suka raba cikin birni, Birni da Dala da Gwale, kowace ta haura mutum 350,000 a ƙidayar 2006, ko da yake iyakokinsu sun fita wajen ganuwa. Badala kuwa ba ta faɗaɗa.

Na biyu sutura. Gidan cikin birni an tsara shi ne a kan sanin wanda ya isa ya shiga ina. Baƙo namiji iyakarsa soro, daga nan sai shigifa, sannan tsakar gida inda mata suke harkokinsu. Mai son ya ƙara ɗakunan haya abin da yake yi shi ne ya ɗora bene, ya buɗe tagogi. Tagar nan tana kallon tsakar gidan maƙwabci, kuma wanda ke bayanta yau daban, gobe daban. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar soro ya san an hana mutum buɗe tagar da za ta tona maƙwabci, ko buɗe ƙofa daidai da ƙofarsa. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin dokar tsara gari, mu ne muke tsammanin sai a littafin Bature ake samunta.

Na uku kayan more rayuwa. Lungun da aka yi don mutum da jaki, wani wurin ko A Daidaita Sahu ba ya shiga, yanzu baƙi sun zo da mota uku. Sai a toshe bakin layi, ranar da aka sami gobara ko naƙuda a rasa hanya. Ga janareta har asuba, ga ruwan wanka da ya ninka yana bin kwatar da dama a cike take.

Na huɗu tsaro. Bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012, mutanen Kano sun koyi tambayar wane ne ya kama haya a layinsu, dillalai da masu unguwanni suka ƙara sa ido. Wannan tambayar tana yiwuwa ne ga mai zaman shekara. Wanda zai kwana biyu ya tafi, kafin a tambaya ya bar gari.

Na biyar shi ne wanda ba a iya aunawa da alƙalami, amma ni a ganina ya fi sauran nauyi. Unguwa mutane ne da suka san juna: wanda zai yi wa gawa wanka, wanda zai tsawata wa yaro ko ba nasa ba, matan da ke adashi, sahun Asuba a masallacin layi. Baƙon kwana uku, komai kirkinsa, ba zai shiga aikin gayyar yashe kwata ba. Birnin Venis na Italiya misali ne da ya kamata ya ba mu tsoro. A 1951 tsohon garin yana da mazauna kusan 175,000, a 2022 suka faɗo ƙasa da 50,000. Dalilan suna da yawa, har da ambaliya da tsadar gyaran gini, amma mai da gidaje masaukin baƙi yana cikinsu.

Adalci kuma ya sa a faɗi amfaninsa. Bazawarar da mijinta ya bar mata gida, ɗaki biyu a soro suna iya ciyar da marayunta. Mai jinya daga ƙauye da ba zai iya biyan otal ba ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Mai shayi, mai wanki da guga, marinan Ƙofar Mata, dukawa da masu sayar da kayan tsaraba a Kurmi duk suna samu. Wani tsohon gidan ƙasa mai azara da zanen bango, da an rushe shi an yi shaguna, kuɗin baƙi na iya sa a ci gaba da yi masa yaɓe. Saboda haka ni ban goyi bayan a hana gaba ɗaya ba.

Yadda wasu birane suka yi

Hanya ta farko ita ce ƙayyade kwanaki. A Landan, tun 2015, mutum yana iya ba da gidansa sukutum har kwana 90 a shekara, abin da ya wuce haka sai da izinin hukumar tsara gari. Amsterdam ta rage nata zuwa kwana 30 a 2019. Japan ta fara aiki da dokar ƙasa a 2018 mai iyakar kwana 180. Hikimar ita ce a bar wanda ya yi tafiya ya ci moriyar gidansa, a kuma hana mai jari ya sayi gida don baƙi kawai. Ka koma lissafinmu na sama: idan sai an yi kwana 80 ake kamo kuɗin shekara, iyakar kwana 30 ta kashe kwaɗayin korar ɗan haya, iyakar kwana 180 kuwa ba ta taɓa shi ba.

Hanya ta biyu ita ce sharaɗin zaman mai gida. A New York, daga 5 ga Satumba 2023, duk mai ba da haya ta ƙasa da kwana 30 sai ya yi rajista, sai yana cikin gidan tare da baƙin, baƙin kuma kada su wuce biyu. An hana kamfanonin intanet karɓar kuɗi a madadin wanda ba shi da rajista. Tallace-tallacen sun ragu ƙwarai. Sai dai kuɗin haya a birnin bai sauko ba, abin da ke nuna mana cewa wannan doka ita kaɗai ba ta maganin ƙarancin gidaje.

Hanya ta uku ita ce bambanta unguwanni. Kyoto, tsohon babban birnin Japan, ya taƙaita irin wannan haya a unguwannin zama zuwa tsakiyar Janairu har tsakiyar Maris, amma ya sassauta wa mai gidan da ke zaune tare da baƙinsa, da kuma tsofaffin gidajen katako na gargajiya don a sami kuɗin kula da su. Inda mai gida ba ya nan, dole a sami wakili a kusa wanda zai iso cikin kamar minti goma. Wallahi da na karanta wannan sai na ce ai fatoma suka dawo da shi.

Hanya ta huɗu ita ce rufewa. A Yunin 2024 magajin garin Barcelona, Jaume Collboni, ya ba da sanarwar cewa lasisin gidaje kusan 10,000 ba za a sabunta su ba, za su ƙare zuwa Nuwamban 2028. Wannan matakin wanda ya makara ne, bayan mazauna sun fito zanga-zanga.

Wa ke da iko a nan gida?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. A Kano, hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini da na sauya amfanin gini. A Yulin 2013 Kotun Ƙoli, a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Jihar Legas, ta yanke cewa yi wa otal-otal da masaukai rajista da ba su lasisi hurumin jiha ne. Kenan Majalisar Dokokin Kano ba ta buƙatar jiran Abuja. Ga kuma masarauta, daga hakimi zuwa mai unguwa, wadda ta fi kowace ma'aikata sanin gida-gida. Ga Hisba, da aka kafa da doka a 2003, wadda ke shiga lamarin idan maganar tarbiyya ta taso.

Matsalar ita ce gidan hayar kwana yana faɗawa tsakanin waɗannan duka. A takarda gidan zama ne, a aikace otal ne. Gidaje da yawa na cikin birni ma ba su da takardar mallaka ta gwamnati, sai takardar ciniki da shaidar mai unguwa ko hukuncin rabon gado na kotu. Dokar da ta ce sai mai satifiket zai yi rajista, ta rufe ƙofa ga talakan cikin birni ta buɗe wa mai kuɗi.

Akwai kuma abin da ya kamata mu kiyaye. A 1913 Turawan mulki suka kafa Sabon Gari, aka ware baƙi a can, birni a nan, kuma har yau muna ganin tabon wannan rabuwar. Dokar hayar kwana ba za ta zama hanyar tambayar ƙabila ko addinin baƙo ba. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a ko'ina, sashe na 42 ya hana wariya, sashe na 37 ya kare sirrin mutum da gidansa. Abin da za a tsara shi ne yadda ake amfani da gini da nauyin mai shi.

Abin da nake ba da shawara

1. A raba masu sana'ar gida biyu. Wanda ke zaune a gidansa yana ba da ɗaki ɗaya ko biyu, rajista mai sauƙi ta ishe shi, a ofishin ƙaramar hukuma, da shaidar mai unguwa, da kuɗi kaɗan. Wanda ya ba da gida sukutum ba ya ciki, ya nemi izinin sauya amfani daga KNUPDA kamar kowane ɗan kasuwa.

2. Kowane gida ya kasance da wanda zai amsa kira, mazaunin unguwar, maƙwabta da mai unguwa suna da lambarsa.

3. A riƙe littafin baƙi, suna da lambar katin ɗan ƙasa, a ajiye a hannun mai gida. Ba mai buɗe shi sai hukuma bisa doka.

4. Kafin a ba da izinin gida sukutum, a ji ta bakin maƙwabtan da suka haɗa katanga. Tagar bene da ke kallon tsakar gidan wani a ɗaga ta sama da tsayin mutum ko a toshe.

5. A ƙayyade yawansu a kowane lungu, a kuma duba faɗin hanya. Inda motar kashe gobara ba ta shiga, a rage yawan baƙin da aka yarda.

6. A buɗe ƙofa a lokutan cunkoso, makon Sallah Ƙarama da Babba da lokacin Maulidi, kowa ya iya saukar baƙi da sanarwa kawai.

7. Mai tsohon gidan ƙasa da ya yarda ya riƙe fasalinsa a rage masa kuɗin rajista. Abin da aka tara kuma wani kaso ya dawo unguwar, a gyara kwata da fitilar layi, mutane su gani da idonsu.

Wani zai ce abin bai kai nan ba tukuna. Gaskiya ne, kuma shi ya sa yanzu ne lokacinsa. Mun ga rusau ɗin Yunin 2023 a Filin Idi da sauran wurare. Ko mutum yana goyon baya ko yana adawa, ya ga yadda gyara bayan an zuba jari yake jawo asara da shari'a. Tun ran gini tun ran zane.

Aikin da ya rage mana

Doka mai kyau tana buƙatar ƙidaya, wannan kuwa aikin da ɗalibin difloma zai iya yi ne da biro da littafi. Masu neman batun furojet a tsara birane, kula da gidaje, ƙididdiga ko harkar otal, ga shi a ƙofar gida. Ka zaɓi lungu ɗaya. Ka fara gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Ka ƙirga gidaje nawa ne na zama, nawa suka koma shago ko sito, nawa ake saukar baƙi. Ka tambayi dattawan layin yadda abin yake shekara goma da suka wuce, ka tambayi dillali kuɗin ɗaki a da da yanzu. 'Yan'uwa mata ku kuka fi mu dama a nan, don ku ne za ku shiga cikin gida ku ji ta bakin iyayenmu mata, waɗanda tagar bene ta fi shafa. Kada a rubuta sunan kowa.

Idan mutum ashirin suka yi lungu ashirin da tambayoyi iri ɗaya, ƙungiyar ɗalibai tana da abin da za ta ajiye gaban ɗan majalisa ko hakimi, a yi magana da alƙaluma a hannu. Mai sha'awa ya bar sunansa a ofishin ƙungiya, mu zauna mu tsara tambayoyin kafin a shiga jarrabawa.

Allah Ya ba mu sa'a, Ya zaunar da unguwanninmu lafiya.